Mutumin da Ya Ara Mana Idanunsa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma ba na jayayya da magabata. Sai dai akwai wata sana'a wadda gaba ɗayanta a kan ji aka gina ta, wato sana'ar mai sharhin wasa a gidan rediyo. Mutum ɗaya ne zai zauna a saman fili da makirufo a gabansa yana kallon abin da ke gudana, dubban dubatar jama'a kuma suna zaune a zauruka da rumfunan kasuwa da tashoshin mota, ba su ganin komai sai abin da ya ce ya gani. In ya ce an ci, to an ci. In ya ce ta bugi turke ta dawo, sai kowa ya dafe kai, alhali ko turken bai taɓa gani ba.

Na san wani zai ce me ya kawo zancen ƙwallo a wannan fili da aka saba karanta labarai da sharhin littattafai. Amsata ita ce, abin da mai sharhin rediyo yake yi adabin baka ne tsantsa, sai dai shi ba ya samun damar gyara ko sake shafi kamar marubuci. Magana zarar bunu ce, in ta fita ta fita. Saboda haka yau ina so in yi magana a kan mutumin da ya fi kowa suna a wannan sana'a a Nijeriya, marigayi Ernest Okonkwo, da yadda muryarsa ta iso mana har ƙauyenmu Mandera, da kuma abin da nake ganin mun yi sakaci da shi a bayansa.

Ernest Okonkwo mutumin Nando ne a jihar Anambra ta yanzu. Ya kama aiki da gidan rediyon ƙasa a 1957, shekarar da aka kafa hukumar NBC, wadda kuma ita ce shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, ranar 13 ga Maris. A cikin shekarun 1960 ya je ƙasar Ostareliya ya ƙaro horo a gidan rediyon can. Da aka yi wa hukumar garambawul a 1978 ta koma FRCN yana nan, har ya kai ga shugabantar sashen da ke ɗaukar shirye-shirye daga wajen gidan rediyo, wato filayen wasa da wuraren bukukuwa. Ba shi ne farko ba, domin akwai irin su Ishola Folorunsho da suka riga shi suna, amma shi ne ya mayar da sharhin ƙwallo abin da ake kashe aiki a zauna a saurara. Ya yi shekara 33 yana wannan aiki, ya rasu ranar 7 ga Agusta, 1990. Ke nan bai ga kofin Afirka da aka ɗauko a Tunisiya a 1994 ba, bai ga zuwan Nijeriya gasar cin kofin duniya na farko a Amurka a wannan shekarar ba, bai ga zinaren Atlanta na 1996 ba. Amma har yau in tsofaffin 'yan kallo suka haɗu, sunansa ake fara kamawa.

Ga wanda bai san wurin ba, Mandera ƙauye ne a kudu da birnin Sakkwato, a yankin Bodinga da Shagari, kuma a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Shagari. Lokacin ƙuruciyarmu ba lantarki, balle talabijin. Abin da ke haɗa mu da duniya shi ne rediyo, kuma ba kowane gida ke da ita ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da wata mai rigar fata wadda ya sayo a Sakkwato bayan ya sayar da gyaɗa. Ba a taɓa masa ita. In batir ya yi sanyi, sai ya ciro ya jera a kan katanga rana ta buge su, da yamma a mayar. Abin da yake saurare sananne ne: labarun Rediyon Kaduna, da BBC, da tafsiri in azumi ya kama, sai kuma waƙoƙin makaɗanmu. Ƙwallo ba ta cikin lissafinsa ko kaɗan. A wurinsa wasan yara ne da bai kamata mai gemu ya tsaya a kai ba.

Abin da ya sauya wannan shi ne siyasa. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, a matsayin shugaban ƙasa. A wurin mutanen wasu jihohi shugaban ƙasa ne kawai, amma a wurinmu maƙwabci ne, dattawanmu sun san gidansu, sun san shi tun yana malamin makaranta. Don haka duk inda rediyo ta ce Turaki zai je, to kunnen Mandera yana can. Da labari ya bazu cewa ranar Asabar, 22 ga Maris, 1980 za a buga wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a babban filin wasa na Surulere a Legas, tsakanin Nijeriya da Aljeriya, kuma Turaki da kansa zai halarta, sai ga zauren Kawu ya cika da mutanen da ba su taɓa tambayar mutum nawa ke buga ƙwallo ba.

Matsalar ita ce sharhin da Turanci ake yin sa. Ni kuwa ina aji biyar na firamare, don haka aka kirawo ni daga cikin yara aka zaunar da ni a kan tabarmar manya, abin da bai taɓa faruwa ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, matso nan kusa. Duk abin da yac ce ka hwaɗa muna." Ko gyara zama ba mu gama ba sai muryar ta tashi sama kamar za ta fasa akwatin. Kawu ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Kawu, mun ci ɗaya." Segun Odegbami ne ya zura ta a minti na biyu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu, da aka dawo Muda Lawal ya ci ta uku. Aka tashi uku da nema.

Abin da na lura da shi a ranar, wanda har yau ban manta ba, shi ne bayan kamar rabin sa'a dattawan nan sun daina jiran fassarata. Ba su jin Turanci, amma sun gane cewa in muryar ta yi ƙasa tana tafiya a hankali, to ƙwallo tana tsakiyar fili. In ta fara sauri tana sarƙewa, to an doshi raga. In ta yanke ba zato, an yi ɓari. Aikina ya koma faɗin sunaye kawai. Da aka zo miƙa kofi, Kawu ya tambaye ni, "Turaki na nan?" Na ce yana nan, shi ne ma ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. Sai zauren ya ɗauki kabbara da hamdala kamar an yi haihuwa. Daga baya muka ji cewa Turaki ya bai wa 'yan wasan gidaje a unguwar Festac da motoci ƙirar Peugeot 504. Wannan labari ya daɗe ana juya shi a kasuwar Shagari, wasu na cewa ya yi daidai, wasu na cewa wasan yara bai kai a ba da mota ba.

To mene ne sirrin wannan sana'a? Tun farkonta an san cewa babbar matsalarta ita ce yadda za a sa wanda ba ya gani ya san inda ƙwallo take. Ranar 22 ga Janairu, 1927 BBC ta watsa sharhin ƙwallo kai-tsaye karo na farko, wasan Arsenal da Sheffield United a filin Highbury a Landan, mai sharhin kuwa shi ne Teddy Wakelam. Dabarar da suka yi ita ce, mujallar Radio Times ta buga zanen fili an raba shi gida takwas, kowane gida da lambarsa. Wakelam yana bayani, wani a gefensa yana kiran lambar gidan da ƙwallo take, mai saurare kuma yana bi da yatsa a takarda. Daga baya aka watsar da takardar, domin an gane cewa gwani ba ya bukatarta. Da bakinsa zai zana filin a zuciyar mai saurare: wa ke riƙe da ƙwallo, ta wane gefe, taku nawa ya rage zuwa raga, minti nawa aka ci, nawa da nawa ake. Kuma dole ya riƙa maimaita sakamakon a kai a kai, saboda wanda ya kunna rediyo yanzu. Kafin ranar wasa ya haddace sunayen mutum 22 da na masu jiran canji, ya san su ta lamba da ta tafiya, domin daga inda yake zaune ba a ganin fuska. Mai sharhin talabijin yana iya yin shiru hoto ya yi magana. Na rediyo in ya yi shiru, mai saurare zai ɗauka batir ne ya mutu.

Sai dai duk wannan ƙwarewa ce, ana koyon ta. Abin da ya fi ta nauyi shi ne amana. Mai saurare ba shi da hanyar tantancewa. In mai sharhi ya ce alƙalin wasa ya yi zalunci, gari guda zai kwana yana zagin mutumin da wataƙila gaskiya ya yanke. In ya rufa wa 'yan gida asiri ya ce suna taka leda alhali ana yi musu wanka, ya ci amanar wanda ya ara masa kunne. A nan ne Okonkwo ya yi fice. A watan Nuwamba na 1977 Nijeriya ta karɓi baƙuncin Tunisiya a Legas a wasan neman zuwa gasar kofin duniya ta 1978 a Ajantina. Ana cikin wasa mai tsaron baya Godwin Odiye ya sa kai zai fitar da ƙwallo, sai ta faɗa ragarmu. Da wannan ci ɗaya aka tashi, Tunisiya ce ta tafi Ajantina. Abin da Okonkwo ya faɗa a wannan lokaci ya zama karin magana a ƙasar nan, ma'anarsa ita ce Nijeriya ta ci Nijeriya. Bai ɓoye ba, bai ɗora wa alƙali ko iska laifi ba, bai kuma zagi yaron ba. Ya faɗi abin da ya faru cikin 'yan kalmomi, ya bar jama'a da baƙin cikinsu.

Abu na biyu da ya ɗaukaka shi shi ne raɗa suna. Shi ya kira Odegbami Mathematical, wato mai buga ƙwallo da lissafi, domin injiniya ne ya karanta. Shi ya kira Chukwu Chairman, wato shugaba. Mai tsaron gida Emmanuel Okala, saboda tsawonsa da girman jikinsa, ya zama Man Mountain, mutum dutse. Adokiye Amiesimaka da ke karatun lauya ya zama Chief Justice, alƙalin alƙalai. Waɗannan sunaye sun bi mutanen nan har tsufa. Da Chukwu ya rasu a watan Afrilu na 2025, shekara 35 bayan wanda ya raɗa masa sunan ya kwanta dama, jaridu da Chairman suka yi ta'aziyyarsa.

Wata rana ina yi wa Kawu bayanin waɗannan sunaye, sai ya yi murmushi ya ce, "Wanga mutum ai makaɗi na, kalangu ɗai yar rasa." Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na tabbata ya fi ni fahimtar sana'ar. Domin mu a ƙasar Sakkwato mun san wannan aiki tun kafin a kawo ƙwallo. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin Shago a fagen dambe da idonsu? Kaɗan ne ƙwarai. Amma babu Bahaushen da bai san Shago ba, da Ɗandunawa, da Ado Ɗan Kware, saboda Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya sa su a bakinsa, rediyo da kaset kuma suka kai su ko'ina. An yi 'yan dambe masu ƙarfi a zamaninsu waɗanda ba su samu makaɗi ba, yau ko jikokinsu ba su iya ba da labarinsu. Darasin a fili yake: bajinta ba ta zama tarihi sai ta samu bakin da zai ɗauke ta.

Ban ce ba mu samu masu wannan baki da Hausa ba. An samu, kuma sun yi ƙoƙari. Su ne suka ba mu kalmomin da muke amfani da su yau ba tare da mun san daga inda suka fito ba: mai tsaron gida, satar gida, bugun kusurwa, kunnen doki, bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta leƙo ta koma. Sashen Hausa na BBC ya kawo sharhin gasar Firimiya ta Ingila kai-tsaye cikin Hausa, abin da ya sa direba a hanyar Jega da mai shayi a Bodinga suka daina neman ɗan boko ya yi musu tafinta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Mohammed Abdu, wanda aka fi sani da Mamman Skeeper Tudun Wada, ya riƙa kawo rahoton dambe daga gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, yana faɗin wanda ya fito daga Kudu da na Arewa da na Guramada, wa ya yi kisa a turmin farko, su wa suka yi turmi uku babu kisa, da irin muhimmancin da ake bai wa wasan Turai. Wannan shi ne gadon Ɗan Anace a cikin rigar aikin jarida.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu riƙe wannan. Tun 1975 suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ita ce yau ake kira gasar Takobi, ana zagayawa da ita jiha jiha. Gidan rediyon Muryar Sahel yana watsa ta kai-tsaye, har mutanenmu na kan iyaka su ma su kasa kunne. Shi ya sa yaro a Damagaram ya san Issaka Issaka na Doso kamar yadda ya san sunan unguwarsu, kuma filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi.

Mu fa? Yau a Mandera da Shagari da Bodinga akwai gidajen kallo, akwai janareto da faranti mai hasken rana, kowane saurayi da waya a hannu. Ka tsayar da yaro ka ce ya lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid, zai kawo su har da na benci da kuɗin da aka saye su. Ka ce ya faɗa maka mutum uku da ke buga wa Sokoto United, ko yaushe rabonsa da shiga filin Giginya, sai ya sosa ƙeya. Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne, ya buga wa Kano Pillars, yana cikin waɗanda suka ciyo tagulla a gasar Olamfik ta 2016 a Burazil, ya je kofin duniya na 2018 a Rasha, amma da yawa daga cikin yaranmu sai da suka gan shi a talabijin ɗin Turawa sannan suka san namu ne. A yankinmu an yi wani ɗan kokawa lokacin muna yara wanda ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba, in kaka ta yi har daga garuruwa masu nisa ake zuwa gwada shi. Kwanan baya na tambayi samari a majalisa, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Bai samu makaɗi ba, bai samu makirufo ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba na ɗora wa matasan da ke gabatar da shirin wasanni laifin duka, domin na san halin da suke ciki. Da yawansu albashin bai taka kara ya karya ba, wasu ma sai sun nemo talla da kansu kafin a ba su fili. Karanto sakamakon Turai daga intanet kyauta ne, amma zuwa filin ƙauye a ɗauko rahoton dambe yana bukatar kuɗin mota da yini guda a rana. Ga kuma jarrabawa iri biyu da ke gabansu: ambulan ɗin shugaban ƙungiya da ke son a ce yaransa sun yi ƙoƙari, da tallan cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin yaran talakawa. Wanda ya tsallake waɗannan biyun ya cancanci a jinjina masa.

Duk da haka, ga shawarata ga duk yaron da ke sha'awar wannan sana'a, musamman 'yan yankinmu. Ka fara da abin da ke gabanka. Wasan unguwa da unguwa, gasar makarantu, kokawar kaka, damben sallah, duk fili ne na koyo, kuma wayar da ke hannunka ta fi na'urar da Okonkwo ya fara aiki da ita. Ka koyi Hausa sosai, ka zauna da tsofaffi ka ji yadda ake kirari, domin wanda ba shi da kalmomi ihu kawai zai yi. Ka faɗi abin da ka gani ko da ƙungiyarku ce aka lallasa. Kuma ka adana abin da ka naɗa, ka rubuta rana da wuri da sunaye, domin babban ciwon wannan sana'a shi ne iska ke kwashe ta. Mutum ya yi shekara 33 yana magana, amma abin da ya rage a hannun jama'a 'yan guntaye ne da sunayen da ya raɗa. Ga gidajen rediyonmu na jihohi kuma, ina roƙon su duba ɗakunan ajiyarsu, su juye tsofaffin faya-faye zuwa kwamfuta tun gara da zafi ba su gama da su ba, kuma su ware ko da minti goma sha biyar a mako ga wasannin ƙauyuka.

Allah ya jiƙan Turaki, wanda ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, ya jiƙan Ɗan Anace da sauran magabatanmu, ya ba masu riƙe da makirufo ikon riƙe amana. Wanda yake da labarin wani mai sharhi ko wani gwanin wasa na garinsu da aka manta da shi, ya daure ya rubuta, kada ya bari ya tafi da shi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.